Zarton Lantarki na Hannu da Bashin da ke Kan Manazarta Hausa

Duk wanda ya ratsa 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako ta birnin Yamai, zai ji wata ƙara mai tsini tana tashi tana faɗuwa daga rumfa zuwa rumfa. Ƙarar zarton lantarki ke nan. A cikin dangin wannan inji, wanda ya fi sauƙin mallaka shi ne ƙaramin na hannu mai kewayayyen ruwa, wanda kafinta kan ɗaure a bayan babur ya tafi da shi wurin aikin rufi ko kafa ƙofa. Ya rage wahala, ya kuma gajarta aikin yini ya koma na sa'a guda. Sai dai umarnin amfani da shi ya zo ne a rubuce cikin harsunan da yawancin masu riƙe shi ba sa karantawa, sau da yawa ma takardar kan ɓace kafin injin ya iso hannun mai shi na biyu ko na uku.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, samar da ingantaccen bayani da Hausa a kan yadda ake shirya wannan zarto da yadda ake yanka da shi aiki ne da ya hau kan sassan nazarin Hausa na jami'o'i, kuma jinkirin yin sa yana da farashi da ake biya da yatsu da idanu da kunnuwa.

Inji da ya riga sunansa isowa

Bahaushe ba baƙon aikin itace ba ne. Masassaƙi ya gaji gatari da gizago, ya san ƙirya ce ta turmi, aduwa ta allo, ya kuma gaji kalmomin da ake koyar da yaro yadda zai ajiye ƙafarsa kada gizago ya same ta. Kayan aikin da ilimin kiyaye su tare suka girma, shi ya sa harshen sassaƙa yake cike. Kafintanci kuwa daga baya ya shigo, sunansa ma aro ne daga Ingilishi, amma zarton hannu da guduma sun zo da saurin da jikin ɗan'adam zai iya bi. Idan zarton hannu ya kauce, mai shi yana da damar tsayawa.

Zarton lantarki ya sauya wannan lissafi. Edmond Michel ne ya ƙirƙiro na hannun a birnin New Orleans na Amurka a 1923, shekara guda bayan haka shi da Joseph Sullivan suka kafa kamfanin da daga baya aka san shi da sunan Skilsaw. Ruwan da aka fi amfani da shi a yau faɗinsa milimita 184 ne, yana kuma juyawa kimanin sau 5,000 a minti guda. Idan aka yi lissafi, haƙoran da ke bakinsa suna gudun da ya haura kilomita 170 a sa'a. Ruwa mai haƙora 24 yana wuce da haƙori 2,000 ta wuri guda a cikin daƙiƙa ɗaya. Mutum lafiyayye yana buƙatar kusan rubu'in daƙiƙa kafin hannunsa ya amsa abin da idonsa ya gani, a wannan ɗan lokaci kuwa haƙora 500 sun riga sun wuce. Saboda haka zafin nama ba ya ceton kowa a gaban wannan inji. Abin da ke ceto shi ne shirin da aka yi kafin a taɓa makunni, shiri kuwa da magana ake koyar da shi.

Abin da ya wajaba a iya faɗa da Hausa

Kafin a yi gardama a kan kalmomi, ya dace a dubi ilimin da ake son su ɗauka.

Farkon ƙa'ida ita ce, duk wani gyara ana yin sa ne bayan an zare fulogi daga soket, ko an cire batir idan mai batir ne. Kashe makunni kaɗai bai wadatar ba. Wannan ya fi muhimmanci a inda wuta ke ɗaukewa ta dawo ba sallama, ko inda wani zai tayar da janareta a bayan rumfa ba tare da sanin wanda ke riƙe da ruwan zarto ba. Haka nan a duba rubutun da ke jikin injin, domin wutar Nijeriya ta bolt 230 ce, alhali zarton da aka ƙera don kasuwar Amurka na bolt 120 ne, idan aka jona shi kai tsaye zai ƙone. A bi waya daga kai zuwa gindi a tabbatar babu inda ta ɓare, a kuma daina cusa tsirarar waya cikin soket ana tokare ta da tsinke.

Na biyu, ruwan zarton kansa. A duba ko ya tsage, ko ya lanƙwashe, ko wani haƙori ya fita, ko ya dakushe. Dakusasshen ruwa ya fi mai kaifi haɗari, domin yana tilasta wa mai aiki ya danna da ƙarfi, ramin da yake yankawa kuma yakan yi ƙunci ya riƙe shi. Kowane ruwa yana da kibiya da ke nuna inda zai juya, dole ta dace da kibiyar da ke jikin injin. Ramin tsakiyarsa ya zauna daidai a kan sandar injin ba tare da wasa ba, adadin juyin da aka rubuta a jikinsa kuma kada ya gaza na injin. Ruwa mai haƙora kaɗan, kamar 24, shi ne na tsaga katako a tsawonsa. Mai haƙora 40 zuwa 60 shi ne na datsa shi a faɗinsa da yankan filawud.

Na uku, zurfin yanka. Yawancin sababbin hannu sukan saki ruwan gaba ɗaya ya leƙo ƙasa, suna ganin hakan ya fi ci. Abin da masu ƙera injin suka tsara shi ne a ɗora zarton a gefen katako, a daidaita shi yadda abin da zai leƙo ta ƙasa bai kai tsawon haƙori guda ba, sannan a ɗaure maɗaurin zurfi da na karkata tamau. Gwargwadon yawan ruwan da ya nutse, gwargwadon yawan wurin da katako zai iya kamawa, da kuma yawan abin da zai iya samun cinya ko hannun da ke ƙasa.

Na huɗu, murfin ƙasa, wato wannan ƙarfe mai siffar jinjirin wata da ke janyewa da kansa idan zarto ya shiga katako, ya kuma koma ya rufe ruwan idan ya fito. Kafin kowane aiki a ɗaga shi da hannu a sake shi, a ga ya koma da sauri. Idan yana jan jiki, ƙaro ko dusar katako ce ta cushe shi, ko kuwa zaren ƙarfen da ke mayar da shi ya mutu, kuma ba a aiki da zarton sai an gyara.

Na biyar, shimfiɗar katako. Ba a riƙe katako a hannu ko a ɗora shi a cinya a yanka. Ana ɗora shi a kan benci mai ƙarfi a matse shi da ƙarfen matsi. Idan gunta za a datse daga falanki, a bar guntun ya leƙa waje yadda zai faɗi da kansa, faffaɗan ɓangaren tafin zarton kuma ya zauna a kan gefen da ke da madogara. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗora falanki a kan benci biyu a yanka tsakaninsu. Da zarar yanka ya yi nisa, nauyin katakon zai sa tsakiya ta lotsa, bakin yankan ya haɗe ya cije ruwan. Babban filawud kuwa yana son madogara ta ɓangarorin biyu, kusa da layin yanka da kuma kusa da gefe. Katakon da aka ciro daga tsohon rufi ko daga aikin dakin sai an bi shi an cire ƙusoshi.

Harbin zarto

Duk waɗannan shirye-shirye suna kewaye ne da haɗari guda. Haƙoran zarton hannu suna shiga katako ta ƙasa su fito ta sama a gaban injin. Idan katako ya cije ruwan ya tsayar da shi, ƙarfin injin ba ya ɓacewa, sai ya juyo ya cilla zarton baya wajen mai riƙe da shi. Haka kuma idan aka murɗa zarton a tsakiyar yanka don a komo kan layi, haƙoran baya sukan kama saman katakon, ruwan ya hau ya fito daga raminsa ya yi tsalle baya. Ɗanyen katako, da mai ƙulli, da wanda ya kantare, sun fi jawo wannan, domin suna motsi yayin da ake tsaga su.

Maganinsa a tsayuwa yake da riƙo. Hannu biyu a kan zarto, ɗaya a mariƙin baya ɗaya a na gaba, domin hannun da ke kan mariƙi ruwa ba zai same shi ba. Jiki ya kasance a gefe, kada ya yi saiti da layin ruwan. Waya ta bi ta baya. A kunna injin kafin ruwan ya taɓa katako, a jira ya kai cikar gudunsa, sannan a tura a hankali gwargwadon yadda yake ci. In ya fara nishi ko ya cije, a saki makunni a riƙe shi a inda yake har ya tsaya cik. Ba a ja da baya da zarto alhali ruwansa na juyawa. Idan za a ci gaba, a daidaita ruwan a tsakiyar ramin yadda haƙoransa ba su kama itace ba, sannan a kunna. Bayan an gama, a tabbatar murfin ya rufe kuma ruwan ya tsaya kafin a ajiye, domin zarton da aka ajiye da buɗaɗɗen ruwa mai sauran juyi tafiya yake yi da baya a ƙasa, yana yankan duk abin da ya tarar, har da ƙafar da ke cikin silifa.

A nan ne aikin manazarcin harshe yake bayyana. Hausa tana da kalmar ruwa ga ƙarfen gatari da na fartanya, don haka ruwan zarto ba ya buƙatar ƙirƙira. Ga cillowar da zarto ke yi baya, kalmar harbi ta dace, domin duk yaron da ya tashi a inda ake kiwon jaki ya san ba a tsayawa a bayansa. Kalmar da kanta ta ɗauko dokar tsayuwa a gefe. Amma idan aka karɓi harbi, sai a yi hattara da kiran makunnin zarto kunama, ko da yake haka ake kiran na bindiga, domin harbin kunama wani abu ne dabam a kunnen Bahaushe. Murfin ƙasa ma haka. Wanda ya dubi siffarsa zai so ya kira shi kube, amma kube zare wuƙa ake yi daga cikinsa a ajiye shi gefe kafin a fara aiki, wannan kuwa shi ne ainihin abin da ake son a hana. Garkuwa ta fi, domin ita a lokacin artabu ake riƙe ta. Injiniya zai iya bayyana aikin wannan ƙarfe, amma bambancin da ke tsakanin kube da garkuwa a zuciyar mai sauraro fagen masanin ma'ana ne.

Dabaru uku da suka zama ruwan dare

Akwai dabaru uku da ake gani a wuraren aiki waɗanda duk wani rubutu na Hausa a kan wannan zarto ya wajaba ya ambace su da suna. Ta farko ita ce ɗaure garkuwa da waya ko cusa mata tsinke don ta zauna a buɗe, wai tana hana ganin layi. Ta biyu ita ce ɗaura ruwan katako a kan injin gurza ƙarfe. Ƙaramin injin gurza yana juyawa kimanin sau 11,000 a minti, ninki biyu na zarto, ba shi da tafin da zai zauna a kan katako, ba shi kuma da garkuwa mai rufe kanta, saboda haka idan ya yi harbi babu abin da ke tsakaninsa da fuska ko wuya. Ta uku ita ce kifa zarton hannu a ƙarƙashin tebur a ɗaure makunninsa don ya zama zarton tebur. Wanda ya yi haka ya rasa garkuwa, ya rasa hanyar kashewa da gaggawa, idan kuma wuta ta ɗauke ta dawo injin zai tashi da kansa.

Waɗannan dabaru ba wauta ce ta haife su ba. Ƙarancin jari ne da son biyan buƙatar mai aiki a kan lokaci. Shi ya sa fassarar takardar kamfani kalma da kalma ba za ta wadatar ba. Takardar ba ta san da babbar riga ba, ba ta san da hannun kaftani mai faɗi ko jelar rawani ko carbin da ke lilo a wuya ba, alhali kowannensu ruwan zarto zai iya kama shi ya ja mai shi.

Cutar da ba ta zubar da jini

Akwai kuma lahanin da ba a gani sai bayan shekaru. Ƙarar wannan zarto a lokacin yanka takan kai desibel 100 ko fiye. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata a Amurka suka ba da shawara a kai shi ne desibel 85 na sa'a takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, wanda ke nufin a desibel 100 minti 15 ne kacal a yini. Kurumtar da ƙara ke jawowa ba ta warkewa. Ƙurar katako kuwa, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya ta tun 1995 a cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan'adam, musamman na cikin hanci. Tabarau mai kare ido ta gaba da gefe, da abin toshe kunne, da takunkumi mai tace ƙura, kuɗinsu duka bai kai na zarton ba. Abin da ya rage shi ne bayanin da zai sa yaron shago ya daina ganin sanya su a matsayin ragwanci.

Tsautsayi da sakaci

Wannan ya kai ga wata matsala da ta fi ta kalmomin fannu zurfi. Idan zarto ya cire wa yaro yatsa, abin da akan ce shi ne tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Maganar tana da amfaninta wajen sanyaya zuciyar wanda abin ya shafa, kuma babu mai neman a raba Bahaushe da imaninsa da ƙaddara. Amma idan ta zama ƙarshen bincike, garkuwar da aka ɗaure da waya tana nan a ɗaure, tana jiran yaro na gaba. Harshen yana da kalmomin sakaci da ganganci da kasada, addinin da yawancin masu sana'ar ke bi kuma ya koyar da a ɗaure raƙumi sannan a yi tawakkali. Nazarin yadda ake rarraba waɗannan kalmomi a bakin masu sana'a, wane rauni ake kira tsautsayi, wane ake kira ganganci, kuma wa ke da ikon sanya sunan, bincike ne na harshe da al'ada tsantsa, sakamakonsa kuma zai nuna ta inda ya kamata gargaɗi ya shiga.

Hujjojin masu ja

Za a ce wannan aikin kwalejojin fasaha ne da hukumomi irin su hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa da ke Kaduna, ko asusun horar da ma'aikatan masana'antu da aka kafa a 1971. Gaskiya ne su ke da ilimin injin, kuma babu manazarcin Hausa da ya kamata ya rubuta ƙa'idar zarto ba tare da su ba. Amma kafintoci da yawa ba ta aji suka biyo ba. A gaban maigida suka koya, da Hausa, ta hanyar kallo da tsawa. Ilimin da bai shiga wannan harshe ba, bai shiga shagon ba.

Za a kuma ce kalmomin da jami'a ke ƙirƙira a takarda suke mutuwa, masu sana'a kuwa aro suke yi su wuce. Wannan suka tana da ƙarfi, kuma ya kamata a karɓe ta. Kalmomin nazarin harshe da adabi da aka tattara a littafin da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990 sun rayu ne domin waɗanda suka tsara su su ne masu amfani da su a aji kullum. Darasin da ke ciki shi ne, kalmomin zarto ma sai an tsara su tare da masu zarto. Inda kafintoci suka riga suka hausantar da kalmar aro, kamar sifana da noti da benci, a bar musu abinsu. Ƙirƙira ta tsaya ga inda babu suna sam, kuma a nan ne haɗarin ya fi yawa, domin abin da ba shi da suna ba a iya gargaɗi a kansa.

Wasu za su ce talauci ne tushen matsalar, kalma kuwa ba ta sayen tabarau. Haka ne. Amma daidaita zurfin ruwa, da tsayawa a gefe, da barin gunta ya faɗi da kansa, da zare fulogi kafin gyara, da kwance wayar da aka ɗaure garkuwa da ita, babu wanda ke cin ko kwabo. Mafi yawan abin da ke hana harbin zarto sani ne.

Abin yi

Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934 bayan shekaru yana tattara kalmomi daga bakin masu harshen a garuruwa dabam-dabam, Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Al'adar fita a tattaro tana nan, sauya mata alƙibla kawai ake buƙata. Ɗaliban da ake turawa nazarin sana'o'in gargajiya kamar ƙira da jima da dukanci za a iya tura wasunsu rumfunan kafintoci na Kano da Zariya da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, su rubuto sunan da ake kiran kowane sashe na zarto, da kalmomin da maigida ke amfani da su idan yana gargaɗi, da labarin raunukan da aka samu kamar yadda masu su suka bayar. A kwatanta abin da aka samu a Nijeriya da na Nijar, inda aron ya fito daga Faransanci. Daga nan a zauna da malaman fasaha da shugabannin ƙungiyoyin kafintoci da likitocin ƙashi, irin na asibitin Dala a Kano, a fitar da taƙaitaccen bayani da boko da ajami, a kuma naɗe shi da murya don rediyo da waya. A haɗa da abin da za a yi idan rauni ya auku: a danne wurin da tsumma mai tsabta, a naɗe yatsan da ya fita a ƙyalle mai ɗan damshi a sa a leda a ɗaure, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a garzaya asibiti.

An daɗe ana muhawara a tarukan ƙara wa juna sani a kan ko Hausa za ta iya ɗaukar kimiyya da fasaha. Zarton lantarki na hannu wuri ne ƙarami da za a iya gwada amsar, sassansa ba su da yawa, ƙa'idojinsa ba su wuce shafi biyu ba, masu buƙatarsu kuma suna nan a bakin ƙofar kowace jami'a, wasunsu ma su ne suka rufa azuzuwan da ake muhawarar a ciki. Idan bayanin ya fito, ma'aunin nasararsa shi ne ranar da za a ji maigida ya ce wa yaronsa ya kwance wayar nan ya saki garkuwa, ya kuma matsa gefe kada zarto ya harbe shi, yaron kuma ya gane ba tare da an maimaita ba.